Ina Rigar Masu Jiki?

'Yan'uwa, bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu, gama gani ya kori ji. Kwanakin baya akwai wata 'yar'uwa a ajinmu na masu shirin aure, yarinya mai natsuwa, tana cikin ƙungiyar mawaƙa tun tana ƙarama. Mai jiki ce, haka mahaifiyarta take, haka gwaggonninta suke. Saura wata biyu a ɗaura aure, ita da ƙawarta suka shiga gari neman farar rigar amarya. Shago huɗu suka shiga. A uku aka ce babu lambarta. A na huɗun, yarinyar shagon ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Anti, sai dai ki rage jiki kafin ranar."

Ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar cin abincin safe da na dare, ta sayi wani shayi da ake talla a waya. Bayan mako uku ta yanke jiki ta faɗi a wurin koyon waƙa, mu ne muka kai ta asibiti. A kan gadon asibitin ta kama hannun shugabar Zumuntar Mata, ta ce, "Mama, ni dai ba na so in ba shi kunya a gaban jama'a."

Tun daga ranar nan muke tambayar kanmu, wa ya koya wa yarinyar shagon wannan magana? Ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Maganar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso bakinta. Ta taso ne daga manyan gidajen ɗinki na Faris da Milan da Landan da New York, waɗanda duniya take kwaikwayo a sha'anin kayan yayi. Wani zai ce, ina ruwanmu da rigar da kuɗinta ya fi albashinmu na shekara? Da ruwanmu ƙwarai. Abin da suka nuna a can bana, shi masana'antu za su kwafa baɗi, shi zai cika shagunanmu, shi 'ya'yanmu suke kallo a waya dare da rana, ragowarsa kuma shi ne dilar gwanjo da ake buɗewa a Kasuwar Barci a Kaduna ko Ƙofar Wambai a Kano. Duk mace mai jiki da ta taɓa tsayawa a gaban dila ta san yadda ake juye kaya ɗari kafin a sami ɗaya da zai shige ta.

Ga kaɗan daga cikin lissafin. Mujallar Vogue Business takan ƙirga kayan da aka nuna a makon nunin tufafi na waɗannan birane huɗu. A farkon shekarar 2023 ta ƙirga kaya 9,137 a nune-nune 219. Kashi 95.6 cikin 100 an nuna su a jikin 'yan mata masu lamba 0 zuwa 4 ta Amurka, wato lamba 4 zuwa 8 ta Ingila wadda muka fi sabawa da ita a nan. Masu lamba 14 ta Amurka zuwa sama kuwa, kashi 0.6 kaɗai suka samu. Wato a cikin kaya sama da dubu tara, na masu jiki bai kai sittin ba. A ƙirgar farkon 2025 ma rabonsu bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Alhali wani bincike da aka buga a 2016 daga Jami'ar Jihar Washington ya nuna cewa matsakaiciyar mace a Amurka tana sa lamba 16 zuwa 18. Ashe ba 'yan tsiraru aka bari a waje ba. Mafi yawan matan aka rufe wa ƙofa.

Ya kamata mu san inda waɗannan lambobi suka fito, domin wasu suna ɗaukarsu kamar ma'aunin gaskiya. A 1939 da 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kimanin 15,000, aka buga sakamakon a 1941. Da awon fararen mata aka yi lissafin. A kan wannan aiki aka gina ƙa'idar lambobi ta 1958, wadda gwamnatin da kanta ta janye a 1983. Tun daga nan kowane kamfani yana yanka lambarsa yadda ya ga dama, shi ya sa mace ɗaya za ta sa 14 a wannan shago, a wancan kuma 18 ta ƙi shiga. To, lambar da ba ta da tsayayyar ma'ana ko a ƙasar da ta haife ta, lambar da ba a auna ko mace ɗaya daga Zangon Kataf ko Numan ko Zuru ba sa'ad da ake tsara ta, ita ce za ta hana 'yarmu cin abinci?

Adalci ne mu saurari hujjojin masu ɗinkin, gama ba duka ne ƙarya ba.

Hujja ta fari ita ce wahalar aiki da tsada. Mai zayyana yakan yanka samfuri guda a ƙaramar lamba, ya gwada shi a jikin siririyar yarinya, daga nan a riƙa ƙara inci ɗaya ko biyu ana fitar da sauran lambobi. Amma jikin ɗan Adam ba ya girma kamar hoton da aka faɗaɗa. Mace takan ƙaru a ƙugu da ƙirji da damtse, tsawon hannunta kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka in an wuce wata lamba dole a sake yanka sabon samfuri, a nemo mai jiki a gwada a kanta, yadi kuma ya ƙaru. Wannan gaskiya ne, kowane tela ya sani. Sai dai a rigar da ake sayarwa dala dubu uku, nawa ne kuɗin ƙarin yadi guda? Ba sa ƙara wa mai lamba 10 kuɗi a kan mai lamba 2, ko da yake yadinsu ba ɗaya ba ne. Ban da haka, gidajen nan na Faris suna da sashen ɗinki na musamman inda attajira take zuwa a auna ta, a yi ta gwaji har riga ta zauna a jikinta, komai girmanta. Ashe gwanintar tana nan. Suna iya ɗinka wa mai jiki a ɗaki, su karɓi kuɗinta. Abin da ba su so shi ne a gan ta a dandali da sunansu a jikinta.

Hujja ta biyu, wai ba a saye. Suna kafa misali da kamfanin Old Navy na Amurka, wanda a 2021 ya zuba manyan lambobi a dukan shagunansa, a 2022 kuma ya janye su daga wasu shagunan domin kaya sun yi kwantai, matsakaitan lambobi kuwa sun yanke. Ba mu musa cewa haka ta faru ba. Amma macen da aka yi shekara ashirin ana kora daga shago, ba za ta sheƙo a guje ranar farko da aka kira ta ba. Kasuwar kuwa tsohuwa ce. Tun 1904 wata gwauruwa mai ɗinki, Lena Bryant, wadda ta yi ƙaura daga Lituweniya zuwa New York, ta buɗe shagonta. Ta fara da rigunan masu juna biyu, daga baya ta shiga ɗinka wa mata masu jiki, sunan Lane Bryant kuma ya cika Amurka. Abin da tela guda ta gane shekaru fiye da ɗari da suka wuce, yaya manyan kamfanoni masu ɗakunan lissafi za su ce ya fi ƙarfin saninsu?

Hujja ta uku ita ce lafiya. Suna cewa ɗinka manyan kaya ƙarfafa ƙiba ne. Mu ba ma wasa da maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, mun kuma binne 'yan'uwa da hawan jini da ciwon suga suka ɗauke. Wanda likita ya ce ya rage, ya rage. Amma hana mutum riga ba magani ba ne. Ba mu taɓa jin wanda kunya ta warkar ba. Abin da muka gani shi ne mace ta daina fita, ta daina motsa jiki, ta zauna a ɗaki da baƙin ciki. Har ila yau, yaushe wannan sana'a ta fara damuwa da lafiyar mata? A 2006 'yan mata biyu masu tallan tufafi suka mutu saboda horon yunwa, Luisel Ramos ta ƙasar Yurugwai da Ana Carolina Reston ta Burazil, dukansu ba su kai shekara ashirin da biyar ba. A shekarar nan aka hana masu tsananin rama hawa dandali a Madrid. Sai da Faransa ta kafa doka a 2015, wadda ta fara aiki a 2017, cewa dole mai tallan tufafi ta kawo takardar likita. Wanda sai da doka ta tilasta masa ya bar ramammu su ci abinci, ba shi ne zai yi wa masu jiki wa'azin lafiya ba.

In an tankaɗe hujjojin nan uku, abin da ya rage a rariya shi ne raini. Wasunsu ma ba su ɓoye ba. Karl Lagerfeld, wanda ya shugabanci zayyana a gidan Chanel tun daga 1983 har rasuwarsa a 2019, ya gaya wa wata mujallar Jamus a 2009 cewa ba wanda yake son ganin mata masu jiki a dandali. A 2016 'yar wasan Amurka Leslie Jones, baƙar fata, doguwa, ta fito fili ta ce ba mai zayyanar da ya yarda ya yi mata rigar bikin buɗe fim ɗinta, sai Christian Siriano ya ce ta zo. Ya ɗinka mata jar riga, duniya ta yaba. Kafin wannan, Melissa McCarthy ta ba da labarin yadda masu zayyana biyar ko shida suka ƙi yi mata rigar bikin Oscar. Waɗannan mata ne masu suna da kuɗi. In an yi musu haka, ina ga malamar firamare?

Ba mu ce ba a sami canji ko kaɗan ba. A 2019 Dolce & Gabbana suka ƙara lambobinsu zuwa 54 ta Italiya. A 2020 Versace suka sa mata uku masu jiki a dandalinsu, ciki har da Precious Lee, baƙar fata 'yar Amurka. Ajantina ta kafa dokar lambobin tufafi a 2019, ta ce a auna jikin 'yan ƙasar a gina lambobi a kansa. Amma sau da yawa mace ɗaya ake sa wa a dandali domin hoto, in kin je shagon ba za ki sami rigar a lambarki ba. Sa'an nan da alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy suka bazu a tsakanin masu kuɗi, sai yayin rama ya sake dawowa da ƙarfi. Alherin da aka yi domin yayi, yayi ne zai tafi da shi.

Yanzu bari mu dawo gida, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Muna da gado mai kyau a wannan ƙasa wanda ba mu san darajarsa ba. Uwayenmu ba su san lamba ba. Mace takan sayi turmin atamfa, yadi shida, a Kantin Kwari ko a kasuwar ƙauyensu, ta kai wa tela. Tela ya ɗauko tef ya auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo, ya rubuta a littafinsa, ya yanka yadi bisa ga mutum. Zane kuwa ba ya tambayar nauyin kowa, siririya ta ɗaura, mai jiki ta ɗaura, mai ciki ta sassauta, mai jego ta ƙara ɗaurewa. Abin da attajiran Turai suke biyan dubban daloli su samu, wato a auna mutum a ɗinka masa nasa, shi ne abin da talaka yake samu a bakin kasuwa a nan. Ku dubi Zumuntar Mata ranar babban taro. Ɗaruruwan mata, yadi iri ɗaya, jiki iri iri, ba wadda aka ce ta koma gida domin babu lambarta. Dalili kuwa shi ne yadi aka raba, kowace ta ɗinka daidai da ita.

Amma mun fara sakin wannan muna kama na aro, mun manta zanen aro ba ya rufe katara. Mutane da yawa sun lura cewa bayan Agbani Darego ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, abin da ya faranta wa ƙasa duka rai, ma'aunin kyau a biranenmu ya fara karkata zuwa ga siranta. Ba laifinta ba ne, haka aka halicce ta. Makon nunin tufafi na Legas ya fara a 2011, sai a 2016 aka ga nuni na musamman na masu jiki a dandalinsa, da ƙoƙarin Latasha Ngwube. Wannan a ƙasar da in ka tsaya a bakin kowace kasuwa za ka ga irin jikin da matanmu suke da shi. Matasan masu zayyana na Abuja da Kaduna da Jos, waɗanda yanzu suke ɗinka kaya su rataye a shago ko su tallata a Instagram, da yawansu sukan tsaya a ƙananan lambobi, domin haka suka ga manyan suna yi.

Mu ma a cikin jama'armu ba mu kuɓuta ba. Sau nawa kwamiti ya buga rigunan taron matasa, aka tsaya a lamba uku, yarinya mai jiki ta biya kuɗinta ta karɓi rigar da ba za ta iya sawa ba, ranar taron ta ce ba ta jin daɗi? Sau nawa aka ɗinka rigunan mawaƙa ba a auna kowa ba, mai jiki ta koma layin baya tana ja tana rufewa? Sau nawa amarya ta zaɓi ɗinkin ƙawaye wanda sirara kaɗai zai karɓa, aminiyarta ta ƙuruciya ta janye da wata hujja? Sau nawa mai gabatarwa a wurin biki ya mai da jikin wata abin dariya, muka yi dariyar tare da shi? Ita ma ta yi dariya, amma ba mu bi ta gida mun ga abin da ya biyo baya ba.

Kada kuma mu juya mu faɗa ɗaya ramin. A unguwanninmu akwai 'yan matan da ake yi wa gori saboda rama, har suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki kafin aure. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magungunan asibiti ne masu ƙarfi, shansu ba da izinin likita ba yana jawo hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Cuta ɗaya ce da fuska biyu. Wata tana ƙin abinci domin ta shiga riga, wata tana haɗiyar ƙwaya domin ta cika riga. A duka biyun an ɗora riga a bisa mutum.

To, me za mu yi? Ba mu da ikon juya Faris, amma akwai abin da yake hannunmu.

Na ɗaya, masu zayyana da masu shagunan kayan amare na ƙasarmu su dubi matan da suke shigowa ƙofarsu, su ɗinka dominsu. Wanda ya fara tanadin kaya masu kyau a manyan lambobi, ba buhu mai hannu ba, kaya masu fasali da launi, zai sami masu saye da ba za su rabu da shi ba. In yadi ya ƙaru a faɗi kuɗinsa da ladabi. Kuɗin yadi halal ne, baƙar magana kuwa ba ta cikin ciniki. A koya wa yaran shago wannan kafin a ba su makulli.

Na biyu, wuraren koyar da ɗinki, har da waɗanda ikkilisiyoyinmu suka buɗe domin matasa da gwauraye, su koyar da yanka a kan jiki iri iri. Ɗalibar da ta koyi yadda ake zaunar da riga a ƙirji babba da damtse mai kauri ta sami sana'ar da ba za ta rasa aiki ba.

Na uku, duk kwamitin da zai yi anko ko rigar taro ko ta mawaƙa, ya fara da awo kafin ya je kasuwa. A yi awon a keɓe, mace ta auna mata, kada a karanta lambar kowa a gaban jama'a. In zai yiwu a raba yadi, kamar yadda iyayenmu mata suke yi.

Na huɗu, mu kula da bakinmu a gida. Uwar da kullum take ce wa 'yarta, "Wa zai aure ki da wannan jiki?" ta riga yarinyar shago yin ɓarna. Mu maza kuma, wasan da muke yi da jikin matanmu a gaban baƙi ba wasa ba ne a wurinsu. Maganar lafiya tana da wurinta, a yi ta cikin ƙauna, a raka mutum asibiti, a gyara girkin gida duka, kada a ware mutum ɗaya da ƙaramin kwano.

Na biyar, ke 'yar'uwa mai jiki, kuɗinki ne a hannunki. Shagon da ya raina ki, kada ki roƙe shi, kada kuma ki koma. In riga ta ƙi shiga, rigar ce ba ta isa ba. Ki kai kuɗinki inda za a auna ki da mutunci, ki gaya wa 'yan'uwanki inda wurin yake.

Amaryar da muka fara da labarinta an ɗaura aurenta a ranar da aka sa. Wata tsohuwar tela a cikin Zumuntar Mata ce ta karɓi aikin, da kekenta na ƙafa wanda ya girmi amaryar. An gaya mana cewa ranar awo, da aka zagaya tef a cikinta, yarinyar ta ja numfashi ta riƙe, kamar yadda ta saba yi a shaguna. Tsohuwar ta sauke tef, ta ce, "Saki jikinki, 'yata. Ke zan auna, ba wata ba." Sau uku aka yi gwaji. Ranar auren ta yi tafiya daga ƙofar majami'a har gaba ba ta ja riga ko sau ɗaya ba, ta kuma ci abincin bikinta.

Amma a layin baya na mawaƙa a ranar, akwai wata ƙanwarmu mai shekara goma sha biyar, wadda rigarta ba ta rufuwa a baya, an kama ta da fil. Kwamitin mawaƙa zai zauna kafin Kirsimeti a kan sababbin riguna. Muna roƙo su zo da tef. Allah ya ba mu idon ganin juna da daraja. Amin.